Baba da Mutumin Kalgo

Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, ba mu da ta cewa sai addu'a. Baba ya rasu bayan an gama kai amfanin gona gida, aka yi masa sutura a Kalgo, kuma har yau akwai mutanen Gwandu da ba su yafe mana wannan ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sauko daga kan jaki yana dafe da ƙugu, ya ce Allah Ya jiƙan Malam, Allah Ya ba ku haƙuri, kafin mu ce amin ya ɗora da tambaya. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa kwana bayan Gwandu ba, me ya kai shi mutuwa Kalgo?

Goggo, ƙanwarsa, da ƙafafu kumbure ta iso. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara. "Yo ko mutuwar ma sai ya wahalar da mutane? Ga kushewar iyayenmu can da fili, sai ya zo ya kwanta cikin masu kamun kifi!" Tana gama faɗa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ya fi na kowa. Limamin unguwarmu kuwa, abokin faɗan Baba tun suna samari, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai aka ga kafaɗarsa tana rawa. Muka ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ƙwace masa, daga baya kukan ya biyo. Ya ce, "Ni yanzu da wa zan yi gardama?" Mutanen Maruda da na Dodoru, da suka saba sayar masa da taki, suka zauna gefe suna ta kwaikwayon yadda yake taya kaya. Rabin zaman makokin nan da dariya aka yi shi, Allah Ya yafe mana.

Ni ce autarsa, ni kaɗai ce mace, kuma ni na san abin da ya kai shi Kalgo. Na gaji da ba wa kowa amsa ɗaiɗai, shi ya sa zan faɗe shi gaba ɗaya, jikokinsa ma su san irin mutumin da aka yi.

Baba takwaran Annabi Yakubu ne, alaihis salamu, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Karatunsa bai yi nisa ba, albasa ce sana'arsa, amma ƙissar takwaransa ya riƙe ta kamar shi ya raka su Masar. Da Allah Ya yi ta ba shi 'ya'ya maza har suka kai goma sha ɗaya, sai ya sa rai da na sha biyu, ya ɗaure rago tun cikin bai tsufa ba. Sai ga ni. Goggo ta ce da aka gaya masa sai ya nisa ya ce, "To, na ji. Ba a gasa da annabawa." Ragon dai an yanka mini shi, kuma ban taɓa ganin ya nuna mini na rage masa lissafi ba.

Liman ya sha tare shi. "Malam, ka ji tsoron Allah, kai ba annabi ba ne."

"A'uzu billahi! Ni na ce? Ni manomin albasa ne. Ciwon kan ɗiya dai iri guda aka ba mu. Shi aka haɗa mai da haƙuri, ni aka haɗa min da sanda."

Haƙurin ma yana ambatonsa, sai dai da ƙarfi. In awaki suka shiga fangalin albasa saboda wani a cikin yayyena ya bar ƙofa buɗe, za ka ji shi tun daga bakin rijiya yana ihu, "Kyakkyawan haƙuri! Kyakkyawan haƙuri!" yana bin mai laifin da gora. Bayan la'asar kuwa sai a shimfiɗa masa buzu a gindin ceɗiyar ƙofar gida, yara da manya su kewaye shi, ya ɗauko ƙissar daga mafarkin Annabi Yusufu har ƙarshe. In ya zo kan 'yan'uwan da suka jefa ƙaninsu rijiya sai ya bi yayyena da harara ɗaya bayan ɗaya, su da ko kaza ba su taɓa jefawa rijiya ba.

Mutum ɗaya ne hararar ba ta kaiwa kansa, wato Yaya Babba, ɗan farinsa. Kun san kunyar ɗan fari a Gwandu ba abin wasa ba ce, amma ta Baba ta wuce ta kowa. Ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci inda yake. In baƙo ya zo mai irin sunan, sai Baba ya wuni yana ce masa "bawan Allah". In yana da magana da Yaya Babba, ko da suna zaune tabarma ɗaya, bango zai fuskanta ya ce, "A gaya wa mutumin can gobe gonar gabas za a." Yaya Babba ya dubi bangon shi ma ya ce, "An ji." Mahaifiyarsa ta rasu tun yana yaro, ba wanda zai ja shi gefe ya ce masa ana son sa. Shi ne mai fita gona kafin kowa, shi ne mai dawowa bayan kowa, dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar zaure, in ya manta ya bugu.

Bayan shigowar Nasara da 'yan shekaru albasa ta yi kyau, Baba ya kira maɗinki ya ce a yi masa babbar riga ta saƙi, a zuba mata aiki. Ina shara a bayan zaure na ji maɗinkin yana tambayar tsawo. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Ka ga wagga ƙofa? Wanda ke buga kai in zai shiga, to daidai shi." Duk gidan mutum ɗaya ke buga kai a ƙofar nan. Na koma ciki ina murna, na ce yau dai Baba zai yi abin kai.

Ranar Sallah da safe yayyena suka jeru gaisuwa. Baba ya fito da rigar a hannu, ya nufi inda Yaya Babba yake durƙushe, har ya miƙa hannu. Sai kunyar nan ta taso ta shaƙe shi. Ya juya fir, ya danƙa wa wanda ya fi kusa, wato na sha ɗaya, gajeren yayana wanda nake bi. A lissafin Baba, duk mai hankali in ya ga riga ta ninka shi biyu zai gane ba tasa ba ce, ya kai wa babbansu, shi ke nan riga ta isa inda aka nufa ba a keta kunya ba. Abin da Baba ya manta shi ne gajeren nan ba a raba hankali da shi ba. Ya yi godiya har ƙasa, ya zura riga, ya tafi Idi tana share masa hanya. Washegari ya kai ta aka datse. Da Baba ya gan shi cikinta daidai gwiwa, ya yi wani nishi da na ɗauka ransa ne zai fita.

Yaya Babba kuwa shiri ya fara. Ana gama shagalin Sallah ya ɗaura wa jakai kaya, ya kwashi iyalinsa zai koma Kalgo, inda dangin matarsa suke da fadama. Ya zo ya durƙusa sallama. Baba ya dubi jakin gaba ya ce masa, "Hanya da taɓo, a bi sannu." Iyakar bankwanan ke nan.

Na bi shi har bayan gari ina kuka, na ce wallahi rigar taka ce, da kunnena na ji. Ya ce, "Na sani, Auta. Ba riga ba ce. Furfura ta fara fito min, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na san al'ada ce, ni ma ina yi wa nawa ɗan. Amma sau ɗaya dai, ko cikin faɗa. Ranar da ya kira ni zan dawo." Na kawo wa Baba maganar yadda take. Ya ce in tashi in ba shi wuri, ya haifi 'ya ko ya haifi sanƙira mai shela.

Tun daga nan ƙissar gindin ceɗiya ta gajarce. Da ya kai inda uban ya rasa ɗansa ya yi ta kuka har ganinsa ya tafi, sai ya ce rana ta yi, a tashi. Mutanen unguwa suka yi ta tausaya masa ba su san kan zancen ba, don a ganinsu gajeren nan ne ɗan gaban goshi, ga shi kuwa yana nan yana yawo cikin riga. Sunan Yaya Babba ya tashi daga "mutumin can" ya koma "mutumin Kalgo". Duk fatake da suka fito daga yamma sai Baba ya tsayar da su ya ba su fura, ya tambayi farashin kifi, ya tambayi ruwan bana, ya zagaya ya zagaya, sannan ya ce, "Mutane dai lafiya can? Dogaye da gajeru?"

Sai shekarar yunwa ta zo, wadda duk wanda ya gan ta ba ya son tuna ta. Gero ya ƙone a tsaye, rumbunanmu suka koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suka yi ƙaura. Aka ji labari fadamar Kalgo ta ɗan ba da shinkafa. Baba ya tara yayyena goma, fuskarsa wallahi har wani haske take yi, don abin ya zo daidai da ƙissa. Ya ce su ɗauki jakai su tafi awo, kuma kada su kuskura su shiga garin ta hanya ɗaya, saboda bakin mutane. Na biyu ya ce, "Baba, Kalgo fa ba Masar ba ce, hanyar shiga ba ta kai goma ba." Ya ce su nemo. Haka suka rarrabu a bakin gari. Ɗaya ya bi ta fadama ya nutse har ƙugu shi da jaki, ɗaya ya haura dangar wani gida aka yi masa ihun ɓarawo, ɗaya ya ɓace sai da yara suka rako shi. Bakin mutanen da ake gudu, ranar duk Kalgo ba wanda bai yi magana a kansu ba.

Yaya Babba ya cika musu taiki da shinkafa, ya ɗora busasshen kifi, bai karɓi komai ba. Sai dai ya riƙe gajeren, ya ce ya zauna ya yi masa korar tsuntsaye, tunda tsawonsa daidai shinkafa ne ba za su gan shi ba. Suka dawo suna fargabar yadda za su gaya wa Baba an riƙe masa ɗan lele. Baba ya ce, "A bar shi can, bakin ci ya ragu." Sannan ya matso ya rage murya. "Mai shinkafar, ya rame?" A ranar ne yayyena suka gane wanda ake yi wa kuka a gindin ceɗiya. Shinkafar nan kuwa rabinta a unguwa ta ƙare. Ni Baba ya riƙa aika da ita a ƙwarya gida gida, musamman gidajen da ba namiji, ya ce in an tambaya in ce wani bawan Allah ne daga yamma, a sa shi a addu'a.

Shekaru suka yi ta tafiya, shinkafa na zuwa, albasa na komawa, magana ba ta zuwa ba ta komawa. Baba ya taɓa aikawa cewa akwai wani mai jaki a Kalgo da ya manta hanyar gida. Yaya Babba ya aiko cewa masu jaki a Kalgo suna da yawa, a faɗi wanne. Goggo kuwa tana gefe tana zugawa, wai ranar da ɗan'uwanta ya kira sunan ɗan fari ranar za ta san duniya ta tashi. Ni a lokacin aure ya kai ni ya dawo da ni, mijina ya rasu, na zauna ina kula da Baba. A gabana idonsa ya fara hazo har ya rufe.

Da ya makance sai yayyena suka yi shawara, wai tunda ƙissa yake so, a yi masa ƙissa. Suka aika aka karɓo taguwar aikin Yaya Babba, wadda yake shiga ruwa da ita, ba a ko wanke ba. Suka lallaɓo yana zaune kan buzu, na biyu ya yi bisimilla ya jefa masa a fuska. Baba ya yi atishawa har rawaninsa ya warware. "Wane la'ananne ne ya jefe ni da kifi? Idona bai buɗe ba, hancina ya buɗe!" Ya lalubo gora, suka watse. Amma da na zo ɗauke taguwar sai na ji ya danne ta da gwiwa. Ƙarƙashin matashinsa ta koma. Kyanwowin unguwa suka tare a ɗakin, ya ce a ƙyale su, baƙinsa ne.

Abin ya daina ba ni dariya ranar da na ga ya kasa tashi alwala sai da na ɗaga shi, na ji ba nauyi. Na tsorata ƙwarai. Na ga tsohon nan zai mutu da sunan a maƙogwaro, wancan kuma ya ƙare rayuwarsa yana jira. Da la'asar ya fara ƙissa, ya kai inda ya saba tsayawa, ya ce rana ta yi. Na ce, "Ba ta yi ba, Baba. Ƙarasa."

"Auta, ki kiyaye ni."

"Na kiyaye ka shekara da shekaru. Kullum sai ka bar bawan Allah yana kuka ka ce a tashi. Ni dai tambaya ɗaya gare ni. A ƙarshe wa ya ɗaura kaya? Ɗan ne ya koma gida, ko uban ne ya tashi da tsufansa ya tafi Masar?"

Liman yana nan, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Baba ya juya wajensa. "Malam, kana jin wagga ɗiya?" Liman ya ce, "Ina ji. Uban ne ya tafi, shi da iyalinsa duka. Ka fi ni sani." Baba ya ce duk mun haɗa baki, ya sa aka kai shi ɗaki, ya ƙi cin tuwo. Da gari ya waye ya ce shi fa ɗanyen kifi yake marmari, wanda aka fid da daga ruwa yanzu, kuma an ce sai Kalgo. A ɗaura wa jaki akumari.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Tsoho makaho a kan jaki, ɗa a dama ɗa a hagu suna tallafe da shi, jikoki a baya da tukwane, shi kuma yana ta faɗa da jakin wai da gangan yake zaɓar ramuka. Duk ƙauyen da muka ratsa sai ya sanar da su kifi zai je ci, ba wanda ya tambaye shi. Da muka doshi fadama ya ɗaga hanci ya ce yana jin ƙamshi. Na biyu ya ce, "Baba, warin taɓo ne." Ya ce, "Kai dai hancinka na albasa ne."

Labari ya riga mu isa. Yaya Babba yana tsaye a ƙofar gidansa, gemu fari fat. Ya zo ya sa hannu ya sauke Baba daga kan jaki kamar jariri. Na ga hannun Baba ya kama damtsensa ya riƙe, sannan ya saki da sauri. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, kowa ya zame, aka bar mu mu uku.

Baba ya fuskanci bango. "Auta, ki gaya wa mai gidan nan mun zo cin kifi."

Yaya Babba ya dubi ƙasa. "Auta, ki ce masa kifi sai gobe, yau an riga an tashi daga ruwa."

"Ki ce mai muna iya jira."

"Ki ce masa gida nasa ne."

"Ki tambaye shi ƙofar zauren nan, yana buga kai?"

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ni ba tafintar Nasara ba ce. Hausa kuke yi ku duka, kuma ba kurma a cikinku." Na kwashi takalmana na fita. Ban yi nisa ba, ƙarya ba kyau, a bayan zana na laɓe, gajeren yayana yana gefena yana leƙe ta ƙasa, na taka masa hannu.

Ina laɓe har na fara nadama. Sai na ji Baba ya yi gyaran murya, ya sake yi, kamar mai shirin taya saniya. Sannan ya faɗi sunan. Muryar a karkace ta fito, kamar ba Bahaushe ba.

Na ji Yaya Babba ya ce, "Na'am." Mutum mai jikoki, amma wallahi da muryar yaro ya amsa. "Na'am, Baba."

"Ba komai," in ji Baba. "Gwadawa na yi in ji."

Can kuma ya sake kira.

Daga ranar bakinsa bai huta ba. Ya kira shi ya miƙo buta, ya kira shi ya kore ƙuda, ya kira shi ya tambaya ko shi ne ya yi tari. In Yaya Babba ya tafi fadama sai a aika yaro a guje, ya dawo jiƙe da taɓo, Baba ya ce ya manta abin da zai ce. Muka yi maganar komawa Gwandu, ya ce bai gama cin kifi ba. Bai ga wata na gaba ba. Da hantsi ya cika, kansa a kan cinyar ɗan farinsa, da kalmar shahada a bakinsa, alhamdu lillahi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa faɗansa da gorarsa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da takwaransa a gidan rahama. Mu kuma Ya ba mu haƙurin da ya yi ta ambata da ƙarfi.

Bayan an watse na tarar da Yaya Babba zaune shi kaɗai a zaure. Na ce ya gode wa Allah, abin da ya jira ya samu. Ya ce, "Na gode Masa, Auta. Amma da can ban san yadda yake a bakinsa ba, ban rasa komai ba. Yanzu ko ƙofa ta motsa sai in ji na ce na'am."